Littafin da Inna Ta Yanka

Jikata da ke kwaleji ta zo hutu kwanan baya, tana ta ƙunƙuni wai malaminsu ya matsa musu lamba su riƙa karanta littattafai su kaɗai a gida, ban da na aji. Wai takura ce. Na dube ta, na dubi littafin da ta yar bisa tabarma kamar tsumma, na ce ta tashi ta ba ni wuri tun bakina bai suɓuce ba. Ba laifinta ba ne, na sani. Amma ni in aka yi zancen karatu a gida, ba daɗi nake tunawa ba. Bayana nake tunawa, da ƙafar mahaifiyata, da gonar da ƙarangiya ta cinye.

A Madarunfa aka haife ni, a unguwar da ke kallon tafki. Ubana ya rasu ban gama wayo ba, ya bar ni da Inna, da ƙanwata tana goye. Muka ci gaba da zama a gidan wansa, Baffa, don ba mu da inda za mu. Shekarar da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai lakwal, wato makarantar boko, bayan an gama babban yaƙin Nasara da ƴan shekaru, Baffa ko tunani bai tsaya yi ba. Ga nasa ƴaƴan maza cike da gida, amma ni ya kamo ta wuyan hannu ya miƙa wa gardin kwamanda, dogarin Baturen mulki. A lokacin, kai yaro lakwal da jefa shi rijiya duk ɗaya ne a idon mutane. To wa za a jefa in ba maraya ba?

Yaran yanzu ba su san gandu ba, bari in faɗa. Gandu shi ne babbar gonar gida, mai gida ke da iko da shi. Da damina kowa na gidan, mace da namiji, can zai yini yawancin kwanakin mako, kuma daga rumbun gandu ake ciyar da kowa muddin ana noma. Ban da shi, kowace mace ana yanka mata ɗan fili nata na kanta, shi ne gamana, wasu su ce gayauna. Ranar Juma'a da wata rana guda a mako aka bar wa gamana. In an gama girbi, mai gida ya liƙe bakin rumbu da laka, ba za a sake buɗe shi ba sai ruwan shuka ya sauka. Duk tsawon rani, mace da ƴaƴanta abin da gamanarta ta ba ta shi za su ci. Wadda ta yi wasa da gamana ta yi wasa da cikin ƴaƴanta. Haka muka tarar, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin mugunta.

Lakwal ɗinmu rumfa ce ta zana da kara, malami ɗaya. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal. Mutumin bakin teku ne, dogo, siriri, Hausarsa a karye. Baƙo ne ba shi da kowa a garin, sai wani attajiri mai sayen gyaɗa ya ba shi ɗaki a gidansa. Tuwonsa daga gidan yake fitowa, ruwansa jakin gidan ke kawowa. Ɗan attajirin kuwa ajinmu ɗaya, don ubansa shi kaɗai ne a garin ya hango abin da lakwal za ta zama, ya kai ɗansa da hannunsa.

Ba zan ci zalin mushe da baki ba, ko da yake shi ya ci zalina da hannu. Mutumin nan yana son littafi. Yana da akwatin ƙarfe a kusurwar rumfa, in Asabar ta zo sai ya buɗe ya ɗauko ɗaya ya karanta mana, muryarsa ta canza, wani lokacin har idonsa ya kawo ruwa. Mu kuwa muna zaune a ƙasa baki buɗe, rabin Faransancin yana wuce mu, amma ba mai motsi.

Shekarar da na fara zama saurayi, ranar da za a ba da hutun damina, wanda muke kira bakansi, sai ya tsayar da mu manyan aji mu huɗu. Ya buɗe akwatin ya ciro littattafai sababbi ful, ya ba kowa ɗaya. Ya ce abin da ake koyarwa a aji ba ya mai da yaro mutum, sai abin da ya karanta shi kaɗai, ba wanda ke tsaye a kansa da bulala. Ku ji fa wanda ke faɗar haka. Sa'an nan ya ce an ba lakwal ɗinmu gurbin yaro ɗaya a babbar lakwal ta Maraɗi, inda daga can ake wucewa kwaleji a Yamai. Wanda ya karanta littafinsa daga farko har ƙarshe, ya zo ranar komawa ya ba shi labarin da Faransanci, shi ne zai hau kamyo, babbar motar kaya mai zuwa can. Da muka juya za mu tafi ya ƙara da cewa mu kula masa da su.

Maraɗi! Can ana ba ɗan lakwal abinci da riga da wurin kwana. Wanda ya wuce can ya bar gandun baffansa har abada, wata rana ya zama akawu ko malamin asibiti, ya zo ya ɗauke uwarsa daga ɗakin da aka raɓa ta. Na sa littafin cikin riga ya manne da cikina, na ruga gida da gudu.

Sai da na zauna bayan ɗakinmu na buɗe shi na ga masifa. Shafi biyu na farko sun buɗu lafiya. Na gaba kuwa a haɗe suke ta sama, wasu ta gefe, an naɗe takardar ba a raba ta ba. Sai ka karanta kaɗan, labari ya shige cikin wani aljihu, ka leƙa ka hango rubutu a ciki amma ba ka iya bin sa. Haka littafin yake har ƙarshe. Washegari muka haɗu mu huɗun a bakin tafki, ashe duk namu haka suke. Ba wanda ya taɓa riƙe sabon littafi a cikinmu, kuma kowa ya san tsumagiyar mushe. Biyu suka ce za su karanta inda ya buɗu su ƙyale sauran. Ɗan attajiri ya ce shi ba ruwansa, ubansa ya riga ya naɗe nasa cikin ƙyalle ya sa a akwati.

Na koma gida jiki a sanyaye. Inna na zaune ƙofar ɗaki tana yanka kuɓewa, ƙafarta ta hagu a miƙe. Daminar nan kurkunu ya kama ta. Tsutsa ce fara doguwa da ake sha cikin ruwan kududdufi, ta fito wa mutum a ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kullum kaɗan kaɗan, in ta tsinke ƙafa ta ruɓe. Ƙafar Inna ta kumbura sumtum, ko takawa ba ta yi. An ɗauke mata aikin gandu dole, amma gamanarta tana nan tana jira, kuma kowa ya san ni zan nome ta.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tana jin kunyata. Ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni a gaban mutane, in za ta ba ni abinci sai ta ajiye ta kau da kai. "Kai wannan" take ce mini. Ran nan ta ga na zauna ina jujjuya littafi, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai wannan, wa ya mutu?"

Na gaya mata duka, da Maraɗi, da kamyo, da shafukan da ke liƙe. Ta ce, "Wannan ba karatun da kuke yi a rumfa ba ne?"

Na ce, "A'a, Inna. Na rumfa na kowa ne, tare ake yi. Wannan nawa ne ni kaɗai, abin da na samu a ciki nawa ne."

Ta ce, "Ashe gamana ce." Ta miƙo hannu. Ta jujjuya littafin, ta leƙa cikin aljihun nan kamar mai duba bakin akuya a kasuwa, ta goge wuƙar kuɓewa a zanenta.

Na ce, "Inna, zai kashe ni!"

Ta ce, "Cewa ya yi ka karanta, ko cewa ya yi ka yi gadi?" Ta zura wuƙar ta ja. Wallahi har yau ina jin ƙarar takardar nan. Yankan bai miƙe ba, ya ɗan ci gefen shafi, ga yauƙin kuɓewa ya bar tabo. Amma rubutun da ke ɓoye ya fito fili, kuma labarin ya haɗu da na baya daidai wa daida.

A nan ta yanke hukuncin da ya cinye mu. Kwanakin gandu na Baffa ne, tun fitowar rana har jiki ya mutu, ba a ko maganar littafi. Saura kwanakin gamana. Ta ce hannu ɗaya ba ya noman gamana biyu, in nomi tawa, ita ta nomi tata. Na ce da wace ƙafar? Ta ce ba da ƙafa ake riƙe kalme ba.

Haka muka yi daminar. Ranar gamana sai in goya ta a jakin maƙwabta in kai ta gona. Ta zauna a ƙasa da ɗan gajeren kalmenta na noma, ta nome abin da hannunta ya kai, ta ja jiki gaba, ƙafar nan na biye da ita, ƙuda na bin ƙafar. Ƙanwata na tsince ciyawa a bayanta. Ni kuwa ina gindin gawon da ke bakin gona, ina fama da Faransanci. Sau nawa na ajiye littafin na ɗauki hauya! Sai ta daka mini tsawa ba ta ko juyo ba: "Kai wannan, ban ji muryarka ba." Dole in karanta da ƙarfi don ta tabbata ina yi, in na kai ƙarshen shafi in juya mata da Hausa. In aka zo inda ya liƙe, in kai mata ta yanka da hannunta mai ƙasa.

Labarin wani yaro ne makiyayi a ƙasar duwatsu, yana kiwon tumakin wani mai dukiya. Tunkiya ɗaya ta ɓace masa, aka kore shi, aka ce kada ya dawo sai da ita. Ya bi duwatsu yana nema, sanyi ya same shi a can. Kalmomi da yawa ban san su ba, ba kuma wanda zan tambaya, sai in yi ta maimaita su har na kusa da su su tona musu asiri. Da na gaya wa Inna cewa a ƙasar nan ruwan sama fari yake zubowa kamar auduga, ya taru har ya binne ɗaki, ta ce, "Ƙaryar Nasara ke nan. Ci gaba." Da yaron ya kwana a kogo ya bar wutarsa ta mutu, ta yar da kalme ta ce, "Wawan yaro! Uwarsa ba ta koya masa binne garwashi ba?" Da kura irin ta ƙasarsu ta biyo shi, ƙanwata ta fashe da kuka, sai da na rantse mata bai mutu ba, alhali ni ma ban sani ba.

A gonar nan Inna ta manta da kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawo haka ba, kafin nan ko bayan nan. In na ce ban ji daɗin kwanakin nan ba na yi ƙarya. Amma ina karatu ina ganin ciyawa da gefen ido. Abin da Inna ta nome wannan makon, kafin ta kai tsakiyar gona na bayanta ya sake tashi. Gonakin matan gidanmu har an yi musu maimai, hatsi ya yi baƙi ƙirin. Tamu kuwa ƙarangiya ta kai gwiwa, hatsin ya yi ja ya tsaya siriri.

Matan gida suka fara tsegumi. Wai ba ta da kara, ta zauna da ɗan fari a daji suna hira kamar ƙawaye. Wata Juma'a sai ga Baffa da kansa, ya dawo daga masallaci ya ratso ta gonar. Ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya dubi ciyawa, ya dube ni.

Ya ce, "Wannan wane irin noma ne? Ƙato na zaune a inuwa da takardar kafirai, gurguwa na jan gindi cikin ciyawa."

Inna ta gyara lulluɓi, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ya taɓa yin fashin gandu?"

"Bai taɓa ba. Ya isa?"

"To yau ranar gamana ce."

Baffa ya yi wata dariya ta hanci. Ya ce, "Gamanarki ce, gaskiyarki. Amma ki buɗe kunne. Ranar da na liƙe rumbu, na liƙe. Kada in ga ƙwarya a ƙofata." Ya sa ƙafa ya shure tulun ruwanmu ya wuce, wai bai gani ba.

Na miƙe na ɗauki hauya. Inna ta ce, "Ajiye. Yaron littafin nan mun bar shi a bakin rafi."

Muka gama littafin hatsi na fitar da kai. Yaron ya sami tunkiyar a wani kwari, ta haihu biyu. Ya saɓo ɗaya a wuya, ya koro sauran har gida, ƙafafunsa duk sun fashe. Mai dukiyar ya fito gaban jama'a ya ce ya cika alkawari, ya ba shi ɗan tunkiya ɗaya ya zama nasa na kansa. Da na juya wa Inna wannan wurin, sai ta ce, "Ka ji ƙasar da ake biyan wahala." Sauran kwanakin na yi ta maimaita labarin da Faransanci, a gandu, a hanyar rijiya, har na iya shi kamar sunana. Na koma kan gamana da hauya kamar mahaukaci, amma aikin gama ya gama. Da aka yi girbi, dammunan da muka ɗaure ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Inna ta dube su ta ce ba komai, baki ɗaya zai ragu, tunda ni Maraɗi za ta ciyar da ni.

Ranar komawa lakwal ta wanke mini riga da toka. Littafin kuwa ba abin da za a iya yi masa. Ya kumbura ya ninka kaurinsa, ruwan sama ya taɓa shi sau biyu, bakinsa duk yankan wuƙa, kowane shafi da hoton yatsun Inna na jar ƙasa, ga warin hayaƙin ɗakinmu. Na riƙe shi da hannu biyu ina taƙama, don a ganina duk wanda ya dube shi ya san an ci shi an sha.

Mushe ya sa muka jera littattafan bisa teburinsa, gaban aji duka. Ya yi ƙiba a hutun nan, ga sabuwar riga mai aiki irin ta garinmu, wadda kowa ya san daga wane gida ta fito. Ya ɗauki na yaran nan biyu, ya yi musu tambaya ɗaya ɗaya, suka yi ta kame-kame, ya ce su zauna. Ya ɗauki na ɗan attajiri, fes kamar ranar da aka ba shi. Ina tsaye kusa da shi, na ga ya zura ɗan yatsa tsakanin shafuka, yatsan ya tokare da naɗin da ba a yanka ba. Ya sani. Wallahi tallahi ya sani. Ya zare yatsan da sauri kamar ya taɓa wuta, ya ɗaga littafin sama ya ce aji su dubi yadda yaro mai tarbiyya ke riƙon amana.

Akwatin ƙarfe na buɗe a gefensa. Na hango nasa littattafan da yake karanta mana ranar Asabar, bakinsu duk a yanke, gashi-gashi, irin nawa sak, sai dai nasa yankan ya miƙe. Ga ma wata ƴar wuƙar ƙashi marar kaifi bisa teburin, wadda muka daɗe muna mamakin amfaninta. A nan na gane Inna ba ta yi kuskure ba, haka ake yi. Zuciyata ta yi fari, na ce yau kam na hau kamyo.

Ya ɗauki nawa da yatsu biyu ta kusurwa, ya ɗaga. Ƙasa ta zubo daga ciki, aji ya fashe da dariya. Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Mushe, na karanta shi duka. Ka tambaye ni."

Ya ce, "Ban tambaye ka ko ka karanta ba. Na ce wa ya yanka mini littafi kamar naman kasuwa?"

Ban ce Inna ba. Na ce ni ne.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An riga an gama magana a zauren attajiri tun hatsi bai nuna ba, abin da ya rage wa mushe shi ne hujjar da zai kafa, ni kuwa na kawo masa ita da hannu biyu. Ya sa yara huɗu suka kama ni hannu da ƙafa suka miƙe ni a sama. Ɗan attajiri ke riƙe da ƙafata ta dama, yana kuka, don shi ba mugu ba ne, rago ne kawai. Mushe ya ce kowace takarda da aka yanka da bulalarta. Ya sa wani ƙaramin yaro yana juya shafi, shi yana saukar da tsumagiya.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Maimakon in yi ihu, sai na fara ba da labarin. Da Faransanci, da ƙarfi, kamar yadda na haddace. Akwai wani yaro makiyayi a ƙasar duwatsu. Bulala ta sauka. Wata rana tunkiya ɗaya ta ɓace. Bulala ta sauka. Ya ce in rufe baki, na ƙi. Aji ya yi tsit, dariya ta ɗauke. Ina ƙara murya yana ƙara ƙarfin hannu don kada ya ji, kuma ko sau ɗaya bai yarda idonsa ya haɗu da nawa ba. Na kai yaron har kogo, inda wutarsa ta mutu. Daga nan ban san inda nake ba.

Da aka yayyafa mini ruwa na farfaɗo, na ji yana gaya wa aji cewa wanda bai iya kula da littafi ɗaya ba, ba zai iya kula da kansa a Maraɗi ba. Ya ce na girme wa rumfar nan, kada in sake taka ta. Ya jefa littafina ƙasan akwati ya sa kwaɗo. Tir da wannan mutum. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, shi kam na bar shi da Allah.

Yara biyu suka rako ni gida, rigar da Inna ta wanke ta manne da bayana. A tsakar gida, gaban matan nan, kunyar ɗan fari ta dawo mata duka. Ba ta zo kaina ba, ba ta dubi bayan ba. Ta aika ƙanwata ta kira wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ita ta jiƙa rigar da ruwan ɗumi ta ɓamɓare ta, ta shafa mini man kaɗe. Inna na bayan zana, ina jin numfashinta.

Can ta ce, "Kai wannan. Ya tambaye ka labarin?"

Na ce, "A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Baffa da ya ji, ya leƙo ya ce Alhamdu lillahi, gandu ya sami hannu. Bayan mako guda kamyon gyaɗa ya tashi zuwa Maraɗi da ɗan attajiri zaune bisa buhuna. A makon nan dai Baffa ya kwaɓa laka ya liƙe rumbu, muna tsaye muna kallo.

Hatsinmu bai kai mu tsakiyar sanyi ba. Na shiga tafki kamun kifi, na yi itace na kai kasuwa, muka ci ganye, muka ci abin da ba a faɗa. Ranar da abin ya kai maƙura Inna ta karya girman kanta, ta tura ƙanwata ƙofar Baffa da ƙwarya. Yarinyar ta dawo da ƙwaryar a kife bisa kai. Ta ce, "Baffa ya ce wai mu dafa littafi." Ita ba ta ma gane zagi ba ne, tambaya take ko ana ci.

Ba a yi kwana nawa ba wata ƴar'uwar Inna ta zo daga Safo, aka ɗaura wa ƙanwata ɗan ƙunshinta aka ba ta ita riƙo. Tana tafe tana waiwaye, tana ce mini in na je zan ƙarasa mata wurin kurar nan, don ta manta yadda ya tsira. Daga Safo aka wuce da ita Katsina. Ban sake ganin ta ba sai tana da ƴaƴa, kuma ba ta gane ni ba.

Ƙafar Inna ta warke amma ta shanye, da ɗingishi ta ƙare rayuwarta. Da ta iya tsayawa sai ta shiga aikin daka a gidajen masu hali, a biya ta da dusa da ɗan tsaki. Gidan da ya fi yawan daka a garin kuwa, ai kun san ko na wane ne. Na ce kada ta je. Ta ce yunwa ba ta san gidan maƙiyi ba.

Wata rana da la'asar ta dawo da dusa ƙulle a bakin zane. Ina zaune ina gyaran ƙugiya. Ta zauna nesa da ni kamar kullum, ta jawo faifai, ta kwance ƙullin.

Ta ce, "Kai wannan, na ga ɗan'uwan littafinmu."

Na ɗago.

"Mushe ya bar wa ɗan attajiri kyauta, shi kuma ya tafi ya bar shi. Ƙwaryar fura suke rufewa da shi saboda ƙuda. Na ɗan taɓa shi da ba kowa. Bakinsa a liƙe har yanzu, kamar rumbun Baffanka." Ta girgiza kai. "Wa ya san bawan Allahn da ke ciki."

Na koma kan ƙugiyata, don in na buɗe baki ashar zai fito.

Ta ce, "Faɗa mini wurin da aka ba yaron ɗan tunkiya."

Na ce, "Inna, ƙarya ce. Ƙaryar Nasara ce, ke ma kin faɗa tun farko."

Ta ce, "Na sani. Faɗa mini."

Na faɗa mata. Tana ji tana bakace dusar, tana tsince tsakuwa. Da ta gama ta kasa ta kashi uku bisa faifan, ta tura na ƙanwata gefe kamar yadda ta saba. Hannunta ya tsaya a kai. Sa'an nan ta share shi ta haɗa da nawa.